Gadon da Muka Cire wa Inno

Danau Kota, Kuala Lumpur
Afrilu, 2020

Yaya Husainatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Nata'ala da yara. Ya zaman kulle? Mun ji an rufe Kano, mu nan mun riga ku shiga. Na ga kiran waya ba ya yi mana, ko ya yanke, ko kuwa lokacin da nake ido biyu ke kina barci, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto ta imel ki karanta a tsanake.

Inno tana lafiya ƙalau. Sukarinta bai tashi ba, tana shan magani ba sai an yi faɗa ba. Hanifa ta gama wanka, ta yi arba'in, ta yi ɓul-ɓul har tana ƙorafin kayanta sun matse ta. Ban san da wane baki zan gode miki ba da kika ba mu aron mahaifiyarki. Ni ba uwa, Hanifa ba uwa, ga haihuwar fari a ƙasar mutane, ga karatu ya hana ta zuwa wankan gida. Zumuncinmu da ke sai an bi ta kan kakanni kafin a gano shi, amma kika ce Inno ta zo. Ta sa ni na zaga shagunan Indiyawa har na samo mata ganyen darbejiya, kanwa kuwa dama da abarta ta taho. Takwararta Fatimatuzzahra ba ta yarda da bayan kowa sai nata. Abu ɗaya ke damuna, jirage sun tsaya kuma ba wanda ya san ranar tashinsu. Wata biyu ta zo yi mana, ga shi mun riƙe ta.

To ga abin da ya sa na ɗauko dogon rubutu, kuma kada ki yi dariya. Kafin annobar nan na sayi wani ɗaki mai tayoyi a hannun wani tsohon Bature da zai koma ƙasarsu. Karafan suke ce masa. Ana maƙala shi a bayan mota a ja, a tafi yawon buɗe ido, inda aka gaji a tsaya a kwana. Akwai ɗan murhu, da wurin wanke kwano, da banɗakin da mai ƙiba ba zai iya juyawa a ciki ba. Niyyata in riƙa ba ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a nan haya lokacin hutu, su je bakin teku ko kan tsaunuka da iyalansu. Yanzu yana nan a filin ajiye motoci na gidanmu, a ƙasa, gindin wata bishiya, ba haya ba labarinta.

Matsalar gado ce, ke kuma shekara da shekaru kina sayar da gadajen amare. Baturen ya kafa gado a ƙarshen ɗakin, kafaffe, ba ya motsi, da katifa guda mai kauri a kai. Amfaninsa a fili yake. Ko yaushe ka gaji sai ka faɗa, ba shimfiɗa ba naɗewa. Katifar ba ta da gaɓar da za ta ci maka baya. In ka ɗaga ta kuma akwai fili a ƙasa da zai ci akwatuna har da buhun shinkafa. Amma ya cinye rabin ɗakin, mutum uku ba za su zauna cin abinci ba sai ɗaya ya hau gado. Abin da ya fi tsaya mini shi ne babu inda za ka shimfiɗa darduma, in ka yi sujada kanka zai daki katako. Ɗaya salon kuwa benci biyu ne da tebur a tsakiya, da rana falo, in za a kwanta a sauke teburin a jera kushin a kai ya zama gado. Tunda ina zaune ba aiki, hannuna yana ƙaiƙayi in cire na Bature in yi wannan. Me kika gani?

Af, Inno ma ta gano ɗakin. Kin san gidanmu a can ƙololuwar bene yake, tun da ta zo ba ta leƙa taga ba, ta ce ita ba tsuntsuwa ba ce. Yanzu da hantsi sai ta goya yarinya ta ce in sauko da ita, ta buɗe ƙofar ta zauna a bakin gadon tana kallon ƙasa.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya yaye mana.

Ƙaninki,
Ja'afar

Gwammaja, Kano
Watan azumi

Jafaru,

Wa alaikumus salam. Barkanku da shan ruwa. Saƙonka ya same mu lafiya, yara suna gaishe ku, Malam ma haka. Ka sumbace mini Mamana, tunda ka san ba zan iya kiran sunan ba.

Garin ba daɗi. Dattawa suna ta tafiya, kusan kullum sai an aiko da rasuwa, limamin unguwarmu ma makon jiya aka kai shi. Saboda haka kada ka ƙara rubuta mini cewa kun riƙe Inno. Godiya nake wa Allah da take can. Ko gobe aka buɗe jirgi ban yarda ta taho ba sai ƙura ta lafa.

Dariya kuwa na yi ta har Malam ya leƙo ya tambayi lafiya. Kai dai ba ka rabo da sabon tsiri. Shekaran jiya leshi kake auno mana daga kasuwar yadi ta Jalan Tuanku Abdul Rahman, jiya garin tuwo kake kai wa ɗalibai, yau kuma ɗaki ka sa wa taya.

Ga abin da na gani. A shagona ba na fara tambayar wane gado amarya take so, sai na ji girman ɗakin da yawan masu shigarsa. Baturenka shi da matarsa ya yi wa, tsofaffi biyu, ba baƙo ba yaro. Namu kuwa yaushe suka taɓa tafiya su biyu? Zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa, ya kira abokinsa, abokin ya taho da tasa matar da kular abinci. A ina za su zauna su ci? Ka kuma ce ruwa ake muku kusan kullum da yamma. Namiji ya ruga masallaci, mace fa, a bakin titi za ta yi sallah? Ɗakin da ba a iya sujada a ciki, Bahaushe zai haya sau ɗaya ba zai dawo ba.

Ba wai na naɗewar ba shi da illa ba. Duk abin da ake ɗagawa ana saukewa kullum, ƙafarsa ce take fara mutuwa. Kushin yana zamewa, sai mutum ya farka ƙugunsa a rami. Bargo da matasan kai ba su da wurin ɓuya da rana. Wanda yake jin barci da wuri sai ya tashi kowa daga hira. Gadon naɗewa na mai ƙarfi ne, mai lafiyar baya. To amma masu hayarka samari ne, bayansu bai san ciwo ba tukuna. In don kasuwa ne, cire na Baturen, kuma kada ka yi rowar hinji mai kyau.

Zancen zaman Inno a mota kuwa bai yi mini daɗi ba. Ku riƙa lallaɓa ta ta zauna a sama cikin mutane.

Yayarka,
Husainatu

Danau Kota
Yuni, 2020

Yaya,

Sallama da gaisuwa. An yi sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Allah ya jiƙan liman da sauran waɗanda suka rigaye mu. Nan kowa lafiya, Mamanki har ta fara juyi, Hanifa ta koma kan rubutunta.

Na karanta shawararki, ban sami inda zan yi musu ba. An sassauta mana kulle, har mutum biyu sun tambayi haya. Na sayo falanki da hinji da ƙafar tebur, suna jingine. Sai dai ban cire gadon ba, kuma gara in gaya miki dalili.

Inno ce. Gadon da muka ba ta a sama gajere ne kuma mai laushi, in ta kwanta nutsewa take, sai an ja hannunta take tashi, ita kuma kin san ba ta son a ja ta. Na Baturen kuwa ta ce daidai yake da nata na gida. Ta zauna ƙafarta na taɓa ƙasa, ta dafa ta miƙe ba ta kira kowa ba. A hankali ta sauko da butarta, da carbinta, da kanwarta da daddawarta, ta ɗaga katifa ta adana a ƙasa. Da azahar can suke barcin rana ita da takwararta. Sallah a gindin bishiya take yi, in ruwa ya tsuge ta yi a zaune a bakin gadon tana mita.

Har jama'a ta yi. Mai gadinmu ɗan Nepal ne, Mama yake ce mata, ita kuma ta sa masa suna Dogo duk da na fi shi tsayi. Matar mai mamak ɗin bakin gida, wato shagon da muke sayen shayi da gurasa, tana aiko mata da shayi ba sukari. Inno ta koyi kalma biyu, makan wato ci, da boleh wato ya yiwu, da su take cinikin duniya. Rannan na ji ta tana ba matar labarin kajinta da Hausa tsantsa, matar tana gyaɗa kai kamar ta taɓa ganinsu. Ban ga Inno ta saki jiki haka ba tun da ta sauka a ƙasar nan. In taƙaice miki, yanzu can ne ɗakin Inno, mu sai mun yi sallama muke shiga.

Don haka na ce haya ta jira, in ta koma gida sai in yi aikina. Hanifa ta ɗauke su hoto suna barci, ta ce za ta sa a rukunin dangi na wasap kowa ya gani. Ki duba, za ki yi dariya.

Ja'afar

Gwammaja
Yuli, 2020

Ja'afar,

Sallama. Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Na ga hoton, kuma ban yi dariya ba. Ni ce ma ta ƙarshen gani, don wayata ta yi kwanaki a wajen gyara. Sai da na je gidan suna a Fagge na ga ana kallona ana sunkuyar da kai. Gwaggo Ɗelu ce ta ja ni gefe, ta buɗe wayarta ta faɗaɗa hoton da yatsa ta nuna mini taya, ta nuna mini motocin mutane a jere ta bakin ƙofa. Ta ce, "Husai, ashe a gareji aka ajiye yayar tawa?" A gaban surukaina ta faɗa. Da yamma Kawu Bala ya kira Malam, ya ce in kuɗin haya ne ya gagare ku a faɗa a yi karo-karo.

Na dawo na sake karanta wasiƙarka, sai ga shi da hannunka ka rubuta, yanzu can ne ɗakin Inno. Na yi ta kallon layin nan har idona ya yi zafi. Matar da ta bar ɗakinta da kajinta, ta hau jirgi karon farko a rayuwarta don ta dafa wa matarka ruwan wanka, ita ce ta koma kwanan mota, mai gadi ne abokin hirarta? Na kira ta, ta ce lafiya lau take. Ai Inno ko wuta ce ke cin zaninta lafiya lau za ta ce.

Ni na tura ta, Ja'afar. Mutane sun ce kada ta je, tsohuwa ce, ga sukari, na ce zumunci ya fi ƙarfin haka. Yanzu ni ake zagi, ba kai ba, kai kana can nesa ba ka ji.

Ka cire gadon nan a makon nan. Muddin yana nan ba za ta daina sauka ba, na san halinta. Dama kai ka ce za ka cire, ga kayan aiki ka saya, me kake jira? Kuma kada ka ce mata ni na ce. Ka ce mata masu haya ne suka matsa, kasuwa ce ta sa. Hanifa ta goge hoton.

In ba za ka iya ba ka gaya mini, in san yadda zan yi in ɗauko uwata ko ana ha maza ha mata.

Husainatu

Danau Kota
Agusta, 2020

Yaya Husainatu,

Sallama. Barka da sallah. Kowa lafiya, Inno ma lafiya.

Inno ba ta taɓa kwana a ɗakin nan ba ko sau ɗaya. Kafin magariba take hawowa, a sama take cin abinci, a sama take kwana, ɗakinta yana kusa da namu. Wasa na yi da na ce ɗakinta ne. Na ɗauka kin san ni fiye da haka, amma ba komai, ke ce babba kuma mahaifiyarki ce.

Na cire gadon. Na ce mata masu haya ne suka matsa, kamar yadda kika ce. Ba ta yi musu ba. Da kanta ta ɗaga katifar ta kwashe kanwarta da daddawarta a leda, ta ce Allah ya sa albarka a kasuwa. Da na gama aiki ta sauko ta gani, ta yaba, ta zauna a bencin kaɗan, sai da na kama hannunta ta tashi. Ba ta ƙara sauka ba. Yanzu tana falo da takwararta, bayanta a juye wa taga. Dogo yana tambayarta.

Ta fuskar kasuwa kin yi gaskiya. Iyali biyu sun haya sun je bakin teku, sun dawo suna yabon falon, matar ɗaya ta ce ta yi sallarta a ciki ruwa na zuba a waje. Katakan tsohon gadon na ɗaure su na ajiye a sito, na kasa zubarwa.

An ce jirage sun kusa fara tashi zuwa gida. Ki faɗi abin da kike so a yi.

Ja'afar

Danau Kota
Fabrairu, 2021

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Kafin komai, Inno tana raye, tana magana, tana cin abinci, an yi mata aikin kuma likita ya ce ya yi kyau. Na san Hanifa ta gaya miki wannan ta waya. Abin da ba ta gaya miki ba shi ne yadda aka yi, ni na hana ta, na ce wannan nawa ne in faɗa.

Tun wasiƙata ta Agusta ba mu ƙara zama mun rubuta wa juna ba, sai gaisuwar waya, ke a taƙaice ni a taƙaice. Kika ce Inno ta dakata har sanyi ya wuce saboda doguwar tafiya da cutar nan, na ce to, muka tsayar da Maris. Ta fara ɗaure tsarabarta tun Disamba.

A watan jiya zazzaɓi ya kama ni, ya koma kan Hanifa. Aka gwada mu, mu biyu muna da korona, Inno ba ta da ita. Asibitoci sun cika, aka ce mu killace kanmu a gida. Likitar da ta duba mu ta ji shekarun Inno da sukarinta, ta ce lallai a raba ta da mu a ranar. Na kira abokai, kowa ya ba ni haƙuri, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai karɓi mutum daga gidan da cuta take, ga yara a gabansa, ga an sake kulle gari. Ba abin da ya rage sai ɗakin tayoyi. Dogo ya jona mata wuta, matar mai mamak ta ɗauki nauyin ajiye mata abinci a bakin ƙofa safe da yamma.

Ta wayar bidiyo na nuna mata yadda ake haɗa gadon. A ɗaga teburin, a zare sakata, a naɗe ƙafar, a sauke shi tsakanin bencin biyu, a jera kushin. Ta ce ta gane. Kullum in na kira na tambayi barci, ta ce lafiya lau. Ni kuma ina fama da numfashina, na karɓi lafiya lau ɗin na rufe waya, alhali ke da kanki kin gaya mini abin da lafiya lau ɗin Inno take nufi.

Ashe ba ta taɓa iya sauke teburin ba. A kan benci take kwana, a gefe ɗaya, wurin da faɗinsa bai kai ta juya ba. Da bayanta ya ishe ta, ran nan bayan la'asar ta ce bari ta gwada. Ta ɗaga, ƙafar ta naɗe, nauyin ya rinjaye ta suka faɗi tare. Ƙashin ƙugunta ya karye. Dogo ne ya ji ƙara ya kira motar asibiti. Ni ina sama, ta taga na kalli ana ɗaukarta, doka ta hana ni sauka, ko da ba doka ma ni ne cutar da ake gudu.

Likita ya ce za ta taka in sha Allah, da sanda, amma zaman jirgi na dogon lokaci ba yanzu ba, watakila sai ƙarshen shekara. Tafiyar Maris ta rushe ke nan.

Yaya, ba na ganin laifinki. Ke kina Kano, hoto kika gani. Ni nake nan, da idona na ga tana tashi daga gadon nan ba mai riƙe ta, da idona na ga ta kasa tashi daga bencin, na ci gaba da ɗaure noti. Na cire ne don ki daina fushi da ni, kuma can ƙasan raina na ji daɗin samun hujjar fara haya. Tun ranar ba na iya kallon ɗakin nan.

Da na samu ta iya riƙe waya na ba ta haƙuri, na ce kasuwa ta rufe mini ido. Sai ta yi 'yar dariya, ta ce ɗakin ya yi kyau, ta yi sujadarta a ciki ruwa bai taɓa ta ba, sai dai ba na tsofaffi ba ne. Sannan ta ce:

"Kai ma daina cewa kasuwa. Ɗelu ta kira ni tun ranar hoton, na san komai. Na kwashe kayana ne don kada Husai ta sha kunya a cikin dangi."

Na yi ta tunanin ko in ɓoye miki wannan. Na ga ɓoye-ɓoyen da muka yi ya isa haka.

Ki yafe mini.

Ja'afar

Gwammaja
Maris, 2021

Ƙanena Jafaru,

Wa alaikumus salam. Ya jikinka, ya jikin Hanifa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ya mai jiki? Ka ce wa Dogo da matar mai shayi wata mata a Kano tana yi musu addu'a a kowace sallah, ko da ba ta san sunayensu na gaskiya ba.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Na buɗe wasiƙarka sau da yawa, in fara rubutu in goge. Na yi magana da Inno, na shirya abin da zan faɗa tun daga gida har shago, da ta ɗauka sai ta tambaye ni ko baƙar kazarta ta ƙyanƙyashe. Na fara cewa Inno ki yafe mini, ta ce a riƙa rufe akurki da wuri saboda muzuru. Ba ta bar ni na ƙarasa ba, kuma na san ba za ta bari ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kada ka ƙara cewa ba laifina. Na koma wasiƙata ta azumi, ga shi da hannuna na rubuta cewa gadon naɗewa na mai ƙarfi ne, mai lafiyar baya. Na sani sarai. Duk amaryar da ta shigo shagona sai na tambayi ɗakinta da masu shigarsa, amma uwata ban tambaye ta komai ba, na kuma sa ka yi mata ƙarya. Gwaggo Ɗelu ta zo jaje tana share hawaye. Na ba ta ruwa, na raka ta har ƙofa. Ita magana kawai ta yi. Ni ce na ji tsoron maganar fiye da yadda na ji tausayin gwiwar Inno.

Jiya na je gidanta na buɗe ɗakin, na share, na ɗauki tef ɗin shago na auna gadonta. Daga ƙasa zuwa saman katifa inci ashirin da biyu ne. Ka kwance katakan da ka ajiye a sito ka gwada, ina jin ba za su yi nisa da haka ba. In katifar Baturen tana nan kada ka canza ta, mai karaya ba ya son laushi. Ka kafa ƙarfe a bango ta wajen hannunta na dama, abin da za ta kama in za ta tashi. Na sama ma ka ɗaga masa ƙafa ya kai wannan awon, tunda can za ta riƙa kwana. Asarar hayar da za ka yi kuwa tawa ce, ba kuma shawara nake nema ba.

Zancen wurin darduma da muka yi ta lissafi a kai, Hanifa ta ce likita ya hana ta durƙuso. Filin sujadar da muka buɗe, ga shi a zaune za ta riƙa sallah. Da na tuna wannan a ɗakinta sai na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba tun da abin ya faru.

Amma kafin ka buga ƙusa ɗaya, ka je ka tambaye ta. Ba ni ba, ba likita ba, ita. In ta ce a mayar, ka mayar. In ta ce a bar bencin, ka bari, ko da awona ya tashi a banza. In kuma an buɗe hanya likita ya yarda, ita ma tana so, ka ja ɗakin ka kai ta bakin tekun nan da kake kai 'ya'yan mutane. Shekara guda tana ƙasar, ba ta ga komai ba sai filin ajiye motoci, shi ma muka raba ta da shi.

Duk ranar da ta koma kan gadon, Hanifa ta ɗauke su hoto ita da Mamana, ta sa a rukunin dangi. Ni zan fara amsawa, kowa yana gani. Ka ce wa Hanifa ta ja baya sosai, ta tabbata tayar ta fito.

Yayarka,
Husainatu